Allurar Barci a Jikin da Ya Sha Kemo: Nazarin Wata Mai Sankarar Mama

Sau uku aka sa wannan baiwar Allah barci a asibiti ɗaya cikin shekara bakwai. Na farko wajen haihuwa ne, ta farka lafiya lau. Na biyu ya faɗo a tsakiyar kemo, wato jinyar sankara da magunguna masu ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya, kwana biyar bayan an ɗura mata maganin sankara, jininta ya faɗi ƙasa, numfashinta ya ɗauke har minti 95. Na uku shi ne babban aikin cire nonon, wanda ya ninka na biyun tsawo kusan sau biyar, amma minti 12 da gamawa ta buɗe ido tana numfashi da kanta. Ina aiki a sashen sa barci na asibitin. Ba na cikin ɗakin a daren aiki na biyu, sai dai na karanta takardun daren, na zauna da waɗanda suka yi aikin, na kuma ji daga bakinta. Na ukun kuwa ni na sa ta barci. Na sakaya sunanta da garinta da sunan asibitin. Kwanakin da za a gani a nan ana ƙirga su ne daga ranar da aka fara ɗura mata kemo.

Kafin a fara kemo

Shekarunta 47, 'ya'yanta shida, tana sayar da atamfa da leshi a cikin gida. Ta ji ƙullutu a nononta na dama, ta yi wata goma sha ɗaya tana fama da jiƙe-jiƙe da shafe-shafe kafin ta zo asibiti. Ranar da ta zo, faɗin ƙullutun ya kai santimita 8, fatar da ke kansa ta fara tsagewa, ga kaluluwa a hammata. Aka yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna sankarar mama ce, mataki na uku.

Irin wannan zuwan shi muka fi gani. Sankarar mama ita ce ta fi kowace sankara kama mata a Najeriya, kuma akasarinsu sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isowa. A wannan matakin ba a fara da wuƙa. Ana fara ba da kemo ne domin ƙarin ya ƙanƙance, sannan a yanka. Ke nan da yawa daga cikin matan da ake kwantarwa a gabanmu domin cire nono sun riga sun sha watanni ana ɗura musu magunguna masu ƙarfi.

Awon da aka yi mata kafin farawa: nauyi kilo 70, tsawo santimita 160, awon jini 130/80, yawan jini kashi 36, furotin ɗin jini da ake kira albumin giram 40 a lita. Hoton zuciya ya nuna tana fitar da kashi 64 cikin 100 na jinin da ya cika ta a kowane bugu, kuma lafiyayyiyar zuciya tana fitar da kashi 55 zuwa 70 ne. Ba ta da ciwon suga. A can ƙasan fayil ɗinta akwai wata tsohuwar takarda ta shekara bakwai da suka wuce, lokacin da aka yi mata aikin gaggawa aka ciro autanta. Babu wanda ya kula da takardar a lokacin.

Mako na 1 zuwa na 10: zagaye huɗu na farko

Likitocin sankara sun tsara mata zagaye takwas, kowane bayan kwana 21. Huɗun farko na dokzorubisin ne da saikulofosfamaid: miligiram 60 na farkon da miligiram 600 na biyun a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, wato kimanin miligiram 105 da 1,050 a jikinta. Ta karɓa a rana ta 1, ta 22, ta 43 da ta 64.

Abin da ido ke gani kowa ya gani. Gashi ya zube, amai ya hana ta sakat, bakinta ya yi gyambo har tuwo ya gagare ta, ta koma kunu da shayi. Ranar zagaye na huɗu sikeli ya nuna kilo 62, aka rubuta a katin kemo. Katin nan sashen sankara ne ke bayar da shi, a wani gini daban, kuma majinyaciya ce ke tafiya da shi gida. Babban fayil ɗinta na asibiti bai san ta rame ba, kilo 70 ne a rubuce a bangonsa.

Akwai kuma abin da ba ya nuna kansa. Dokzorubisin yana cin tsokar zuciya sannu a hankali, ɓarnar tana taruwa ne, shi ya sa ake ƙayyade abin da mutum zai karɓa a duk tsawon rayuwarsa tsakanin miligiram 450 zuwa 550 a murabba'in mita. Ita ta karɓi 240. Shi kuwa saikulofosfamaid yana danne wani sinadari da hanta ke yi tana zubawa cikin jini, mai suna kolinestares. Mutum zai yi ta harkokinsa sinadarin nan ya ragu ƙwarai bai sani ba, domin babu ciwon kai ko jiri da ke nuna hakan. Sai ranar da aka yi masa wata allura guda a ɗakin tiyata.

Rana ta 69, da dare: jini ya ɓalle

Da ƙarfe 8:40 na dare 'yarta ta kawo ta sashen gaggawa, zani ya jiƙe da jini. Ƙarin ya fara narkewa saboda kemo, wata jijiya da ke cikin gyambon ta buɗe. Aka danne da auduga aka ɗaure, jini ya ratso. Aka sa auduga mai adirenalin, aka yi mata allurar tsayar da jini giram 1, ya ɗan lafa ya dawo. Yawan jininta a lokacin kashi 24 ne. Aka ƙara mata leda ɗaya ta jini da lita ɗaya ta ruwa, likitan fiɗa ya ce sai an shiga an ɗaure jijiyar.

Ba a iya yi da allurar kashe wuri kaɗai ba, domin ba ta kama nama mai gyambo da kyau, ita ma ta kasa zama wuri ɗaya saboda tsoro. Ga shi kuma ta sha kunu da burodi awa ɗaya kafin jinin ya ɓalle. Wanda cikinsa yake cike idan aka sa shi barci yana iya amayo abinci ya faɗa masa huhu, don haka ƙa'ida ita ce a sa shi barci da sauri, a saki tsokarsa da sauri, a zura bututun numfashi cikin minti ɗaya. Maganin da ke sakin tsoka da irin wannan saurin shi ne sukzametoniyom, wanda 'yan tiyata ke kira sukus. Kyawunsa shi ne yana kamawa cikin minti ɗaya ya saki cikin minti 5 zuwa 10, kuma kolinestares ɗin nan ne ke narkar da shi.

Ƙaramin likitan da ke bakin aiki ya tambaye ta ko an taɓa sa ta barci, ta ce an taɓa, lafiya ta tashi. Ya ga kanta ba gashi, ya san tana kemo, amma fayil bai faɗi sunan magungunan ba, bai faɗi ranar ƙarshe ba. Da ƙarfe 10:38, awon jininta 116/72, bugun zuciya 102, ya ba ta allurar barci mai suna furofofol miligiram 140 a tura ɗaya. Lissafinsa miligiram 2 ne a kowane kilo na kilo 70, kuma hakan yana cikin abin da littafi ya ce ga lafiyayyen baligi, 1.5 zuwa 2.5. Ya bi da sukus miligiram 100, bututu ya shiga ba gardama.

Minti uku bayan haka jini ya faɗi zuwa 62/38, bugun zuciya ya hau 118. Aka buɗe ƙarin ruwa gaba ɗaya, aka rage iskar aisofuluren da ke riƙe ta a barci, aka yi mata efedirin, maganin ɗaga awon jini, miligiram 6 har sau uku. Sai bayan minti takwas jinin ya dawo 95/60. Aka ba ta fentanil maikirogiram 50 saboda zafi, likitan fiɗa ya samu jijiyar ya ɗaure, aka gama da ƙarfe 11:05. Ba a ƙara mata wani maganin sakin tsoka ba bayan sukus ɗin farko. Hankalin kowa yana kan jinin da ya faɗi, na'ura kuma tana hura mata iska, don haka ba wanda ya lura cewa a cikin minti 27 ɗin nan ko tari ɗaya ba ta yi ba.

Daga 11:05 zuwa 12:40

Aka kashe aisofuluren ana jiran ta farka. Minti goma suka wuce, ƙirji bai motsa ba.

Zato na farko ya tafi kan fentanil, domin danginsa suna danne numfashi. Aka yi mata nalokzon, makarinsa. Shiru. Aka auna suga, 6.1, daidai yake. Zafin jiki 36.0. Aka sassauta hura iska domin iskar da jiki ke fitarwa ta taru ta zaburar da ƙwaƙwalwa ta nemi numfashi, nan ma shiru. Da ƙarfe 11:25 aka yi mata neyostigmin miligiram 2.5 tare da atirofin, maganin da aka saba bayarwa a ƙarshen aiki domin dawo da ƙarfin tsoka. Bai yi komai ba.

Da 11:30 jininta ya hau 165/100, zuciya tana buga 130, gumi ya keto a goshinta, hawaye yana gangarowa ta gefen ido zuwa kunne. A lokacin ne babbar likitar da aka kira daga gida ta iso. Tambayarta ta farko ita ce wane kemo take sha, yaushe ta sha na ƙarshe. Nas ta fita ta samu 'yar a baranda, katin yana cikin jakarta. Aka aro na'urar gwajin tsoka daga babban ɗakin tiyata, aka ɗora a wuyan hannu, aka ba jijiya wuta kaɗan. Babban yatsa da ƙyar ya motsa. Sukus ɗin da ya kamata ya saki tun 10:48 yana nan riƙe da ita, maganin barci kuwa ya riga ya fita. A farke take, ba ta iya ko ɗaga fatar ido.

Likitar ta sunkuya daidai kunnenta ta ce: "Hajiya, mun san kina jin mu. Magani ne ya riƙe miki jiki, zai sake ki. Na'ura tana yi miki numfashi, ba za mu bar wurin nan ba." Aka ba ta midazolam, maganin kwantar da hankali, miligiram 1, aka mayar da aisofuluren kaɗan, aka maido mata maganin zafi da nalokzon ya wanke, aka zauna. Ba wani magani da aka ƙara. Da ƙarfe 12:13, minti 95 bayan sukus, cikinta ya fara ɗagawa da kansa. Da 12:40 ta iya ɗaga kai daga matashi ta riƙe na daƙiƙa biyar, ta matse hannun nas da ƙarfi, aka cire bututun.

Rana ta 70 zuwa ta 75

Washegari ta faɗa wa likitocin abin da ta tuna. Ta ji ana kiran sunanta, ta ji ƙarar na'ura, ta ji wani yana cewa ba ta tashi ba. Ta yi ƙoƙarin motsa yatsa ta kasa, ta yi ƙoƙarin yin kalmar shahada harshe ya ƙi, ta ɗauka ta riga ta mutu ne ana shirin yi mata wanka. Ta ce muryar da ta yi mata magana a kunne ita ce ta sanar da ita tana raye. Kwana huɗu ba ta yarda a kashe fitila a ɗakin ba. An zauna da ita da mijinta an yi musu bayanin abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye, an ba ta haƙuri.

Ɗakin gwajinmu ba ya auna kolinestares, don haka aka koma wa fayil. Akwai mutanen da ake haifa da raunin sinadarin nan ta gado, kusan mutum ɗaya cikin 3,000 a ƙididdigar da littattafan fannin suka fi kawowa, kuma su sukus yana iya riƙe su awanni. Tsohuwar takardar haihuwar nan ta nuna an ba ta sukus miligiram 100 a wancan aikin, kuma numfashinta ya dawo cikin 'yan mintuna. Ciki kansa yana rage sinadarin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma duk da haka ta narkar da maganin a kan lokaci. Albumin da aka auna a rana ta 70 ya sauka zuwa 31. Aka rubuta gargaɗi da jan biro a bangon fayil, aka manna kwafin katin kemo a ciki.

Mako na 14 zuwa na 23: fakilitaksel

An jinkirta zagaye na biyar har gyambon ya kama warkewa. Ta karɓi fakilitaksel miligiram 175 a murabba'in mita a rana ta 97, ta 118, ta 139 da ta 160. Amai ya ragu, ƙarin ya koma santimita 3. Amma daga zagaye na shida ta fara jin tafin ƙafarta kamar tana taka auduga, silifas yana zamewa ba ta sani ba, allura tana faɗuwa daga yatsunta. Idan ta miƙe daga sujada sai ta dafa bango saboda jiri. Wannan maganin yana taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo, kuma ba na ji da taɓawa kaɗai ba, wani lokaci har da waɗanda ke matse hanyoyin jini idan mutum ya tashi tsaye. Su ne kuma jijiyoyin da ke tare jini kada ya faɗi idan maganin barci ya shiga.

Mako na 26 zuwa na 29: shiri da ɗage aiki

An sa aikin a rana ta 188, mako huɗu bayan kemo na ƙarshe, wanda shi ne tazarar da aka saba bari domin ɓargo ya farfaɗo. Mako guda kafin ranar ta zo wurina. Abu na farko da ta ce, tun kafin ta zauna: "Likita, ni ba yankan nake tsoro ba." Na ce na sani, Hajiya. Mun yi kusan awa ɗaya, rabinta a kan wancan daren.

Na hau da ita sikeli da kaina, kilo 58. A kwance jininta 124/78, bayan minti uku a tsaye 98/62. Faɗuwar da ta kai 20 a lambar sama ta isa a ce akwai matsala, tata 26 ce. Na bi ƙafafunta da auduga da tsinke, na zana iyakar inda ji ya ɗauke, ya kai idon sawu, na rubuta domin kada bayan aiki a rasa sanin wanne ne tsoho wanne ne sabo. Sabon hoton zuciya ya nuna kashi 56, daga 64. Bai kai a kira shi ciwon zuciya ba, amma rarar ƙarfin da take da shi a da ta ragu. Iyalin sun yi ta jan ƙafa a kan hoton nan saboda kuɗi, domin jarin atamfar ya riga ya ƙare a kemo, kuma ban ga laifinsu ba. Albumin 29, ƙoda da hanta lafiya, fararen ƙwayoyin jini sun dawo daidai.

Kwana uku kafin aikin zazzaɓi ya rufe ta, gwaji ya nuna maleriya ce, yawan jini ya sauka zuwa kashi 26. Aka ɗage aikin kwana goma, aka yi maganin zazzaɓin, aka ƙara mata jini leda ɗaya, aka dage da ƙwai da wake da madara iya abin da bakinta zai karɓa. Jajibirin aikin yawan jini kashi 32 ne.

Rana ta 198: cire nono da kaluluwar hammata

Ta daina cin abinci awa shida kafin aiki, amma na bar ta ta sha ruwa har saura awa biyu, domin kada ta shigo a bushe. Jijiyoyin hannunta na hagu sun ƙandare saboda kemo, sai a bayan hannu aka samu wadda ta karɓi ƙarin ruwa. Aka sa matashi mai laushi a dunduniya da gwiwar hannu, ba a buɗe hannunta ya wuce daidai kafaɗa ba, domin jijiyar da kemo ya riga ya raunata ba ta jure matsi da ja. Efedirin yana cikin sirinji a shirye, na'urar gwajin tsoka tana ɗaure a hannunta tun kafin ta yi barci.

Na fara da fentanil maikirogiram 75, na jira minti uku. Sannan furofofol miligiram 20, in jira rabin minti, in yi mata magana, in ƙara. Na ce ta riƙa salati a bayyane. A miligiram 60 muryar ta yi nauyi, a 70 ta ɗauke, na shafa gashin ido bai ƙifta ba. Miligiram 70 ke nan, 1.2 a kowane kilo. A wancan daren, idan aka yi lissafi da nauyinta na gaskiya, kusan 2.3 ta samu. Jini ya sauka daga 122/76 zuwa 104/66 ya tsaya a nan.

Ban taɓa sukus ba. Mako 19 ke nan rabonta da saikulofosfamaid, mai yiwuwa sinadarin ya farfaɗo, amma cikinta ba komai, ba gaggawa, ba dalilin gwaji a kanta. Na yi amfani da wani maganin sakin tsoka, atirakuriyom miligiram 30, wanda ke wargajewa da kansa a zafin jiki ba tare da jiran kolinestares ko ƙoda ko hanta ba. Na kauce wa iskar barci ta haloten, wanda har yanzu yake cikin wasu ɗakunan tiyata saboda arha, domin yana danne bugun zuciya yana kuma rikita shi. Da taimakon na'urar sikanin na zuba bufibaken miligiram 75 tsakanin tsokokin ƙirji, ya kashe zafin wurin tun kafin wuƙa ta taɓa.

Aisofuluren na riƙe shi a kashi 0.9 cikin 100 a iskar da take fitarwa. Matsakaicin ma'auninsa ga baligi kusan 1.15 ne, kuma ba a so a sauka ƙasa da kashi bakwai cikin goma na wannan idan an saki tsokar mutum, saboda gudun farkawa. Minti 40 da farawa jini ya sauka 88/54. Hannu yana son kai wa ga rage iskar, amma ban rage ba, na ba ta efedirin miligiram 3, ya dawo 106/68. Sau ɗaya ke nan a duk aikin. An yi awa biyu da minti goma, jinin da ya zuba mililita 350, ruwan da ta karɓa lita 1.2, da gangan aka taƙaita saboda zuciyar.

Da aka gama, na'ura ta nuna yatsa yana amsawa sau huɗu cikin huɗu, na ba ta neyostigmin miligiram 2.5 da atirofin, ban kashe iskar barci ba sai da na tabbata ƙarfin tsoka ya dawo. Minti 12 bayan ɗinkin ƙarshe ta buɗe ido.

Bayan aiki

Farasitamol da ƙaramin tiramadol sun ishe ta. Ba ta tuna komai ba tsakanin salatin da ɗakin farfaɗowa, kuma na tambaye ta sau biyu, washegari da kuma bayan mako guda. Rana ta biyu ta miƙe da taimakon nas, a zaune tukuna sannan a tsaye. An sallame ta a kwana na shida. Bayan mako shida ciwon ya warke, jirin tashi tsaye ya ragu, mutuwar tafin ƙafa tana nan inda na zana ta, ba ta ƙaru ba. An tura ta wani gari domin gashin sankara da na'ura, da wasiƙa daga sashenmu a haɗe da katinta.

Yadda nake ganin lamarin

Ɗaukewar numfashin nan na ɗora shi a kan saikulofosfamaid, kuma hujjar tana da ƙarfi ko da ba mu auna sinadarin ba: mace ɗaya, magani ɗaya, adadi ɗaya, ta narkar da shi cikin mintuna tana da ciki, ta kasa narkar da shi kwana biyar bayan zagaye na huɗu. Rama da ƙarancin abinci da sankarar kanta suna rage kolinestares, sun ƙara nasu. Neyostigmin ɗin da aka ba ta da 11:25 wataƙila ya ƙara tsawon jiran, domin shi ma yana danne wannan sinadarin. Makarin irin su atirakuriyom ne, shi ya sa ya yi aiki a rana ta 198. Sukus ba shi da makari a kan teburinmu sai haƙuri da na'urar numfashi da riƙe mutum a barci har ya sake shi.

Faɗuwar jinin kuwa ba zan ce kemo ne kaɗai ba. Ta zubar da jini, an yi lissafi da kilo takwas da ba ta da su, an tura maganin gaba ɗaya. Amma kemo yana ƙarƙashin kusan kowane ɗaya: shi ya ramar da ita, shi ya rage albumin. Fiye da kashi 95 cikin 100 na furofofol yana manne wa furotin ne a cikin jini, ɗan abin da ya rage a sake shi ke isa ƙwaƙwalwa da zuciya, don haka idan albumin ya ragu, adadi ɗaya sai ya yi aikin da ya fi nasa. Binciken da aka yi a ƙasar Sin a kan mata masu sankarar mama ya nuna waɗanda suka sha kemo kafin aiki suna yin barci da furofofol ƙasa da waɗanda ba su sha ba, kuma ana danganta hakan da taɓuwar jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Wani binciken a Koriya ta Kudu a kan masu sankarar hanji bai ga bambanci ba. Saboda haka ban yarda da a kafa doka a ce duk mai kemo a rage masa kashi kaza ba. Miligiram 70 ɗin nan ban zo da shi daga lissafi ba, jikinta ne ya tsayar da ni a nan, kuma fentanil da ya riga shiga yana da hannu a ciki. Wata matar mai irin katinta za ta iya buƙatar 110.

Kalmar kemo ita kaɗai ba ta gaya wa mai sa barci komai. Wanda ya sha biliyomaisin huhunsa ake ji wa tsoro, har iskar oksijin ake taƙaita masa. Wanda ya sha sisfilatin ƙodarsa da gishirin jininsa ake dubawa. Ƙaramin likitan nan ya san tana kemo, abin da bai sani ba shi ne suna da rana da nauyi, kuma duka ukun suna cikin jaka a baranda, taku ashirin daga inda yake tsaye. Ban ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Tsarin da ya raba katin da fayil ya girme shi a asibitin, na'urar gwajin tsoka kuma ba ta cikin ɗakin gaggawa. Da sukus ɗin ya zama dole, kuma a ganina a daren ya zama, sanin sunan maganin da ya sa an yi tsammanin jinkirin, an bar ta a barci har ta motsa.

Abin da ya fi yi mini ciwo a duk lamarin shi ne mintunan da ke tsakanin fitar aisofuluren daga jikinta da isowar babbar likita. Jinin da ya faɗi ya dawo cikin minti takwas bai bar tabo ba. Waɗancan mintunan kuwa har ranar da ta zo duba ɗinki tana ambatonsu. Shi ya sa nake jin tsoron wanda zai karanta cewa masu kemo ba sa buƙatar maganin barci da yawa, ya je ya rage wa mutumin da aka saki tsokarsa fiye da kima.

Yanzu a sashenmu kwafin katin kemo yana shiga fayil bayan kowane zagaye, akwai sikeli a ƙofar tiyata, na'urar gwajin tsoka ta biyu tana ɗakin gaggawa. 'Yar da ta riƙe jakar a wancan daren tana da ciki wata biyar lokacin da aka sallami mahaifiyarta, ta tare ni a baranda ta tambaya ko abin da ya sami Umma zai iya samunta idan haihuwa ta zo da aiki. Na nuna mata tsohuwar takardar, na ce alamu ba su nuna gado ba ne, amma duk da haka ta faɗa wa duk wanda zai sa ta barci, na kuma rubuta mata a bayan katin awonta.